Shekarar da Kowa Ya Kawo Ciwon Abokinsa

Kwanan baya jikata da ke koyon aikin jinya ta zo hutu da ƙawayenta biyu. Suka baje a tabarmata, suna cin gyaɗata, suna koya mini aikin da na yi shekara talatin da 'yan kai ina yi. Wai aikin majo ba wuya: ka duba takarda, ka miƙa ƙwaya, ka ce sau uku a yini, mai ciwo ya kama gabansa. Na buɗe baki zan ba su labari, sai wayar ɗayarsu ta yi kuka, duk suka watse suka bar ni da ɓawon gyaɗa. To, tun da kunne ya ƙi tsayawa, bari in sa a takarda.

Majo, ga wanda bai sani ba, shi ne babban ma'aikacin jinya a ɗakin magani na ƙauye. Ni a Dogon Dutsi na koyi aikin, tun Nasara, wato Bature, bai naɗe tabarmarsa ba, a hannun wani tsohon majo mutumin Dahome. Wata shida bai bar ni na taɓa ko yatsan mai ciwo ba. Aikina tafasa sirinji a kan risho, sirinjin kwalba, wanda in ka fasa ɗaya sai ka gwammace kanka ka fasa. Allura kuwa ba jefarwa ake yi ba kamar yanzu. In ta dakushe a wasa ta a dutse, a gwada a auduga, in ta kama zare a sake wasawa. Tsohon nan yana da magana guda da yake nanata mini da gurguwar Hausarsa: "Hannu, kowa akwai. Kunne da baki, shi ne aiki." Ni a lokacin gani nake tsufa ne ke damunsa.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru aka ba ni ɗakin magani nawa, a wani gari da ba shi da nisa da Matankari. Kayan aikina ba su fi a ɗaure a bayan keke ba: risho, sirinji huɗu, kwalbar kini na zazzaɓi, abin awon jini wanda robarsa ta sha faci da gam ɗin tayar keke, sai madubin ganin ƙwayoyin cuta. Shi wannan madubi hasken rana yake ci, don haka in hadari ya haɗu sai cuta ta huta, ni ma in huta. A garin na auri Kulu, 'yar Alhaji Gado, babban mai sayen wake da gyaɗa. Abokan aikina in an tambaye su shekarar da ta fi muni za su ce ta sanƙarau, kuma gaskiyarsu. Amma wadda ta fi koya mini hankali ba wanda ya mutu a cikinta, kuma ta hannun surukin nan nawa ta zo.

Abin ya faro ne ranar da likita Bature ya zo rangadinsa na wata-wata, aka kawo masa Alhaji, wanda ya daɗe yana fama da ciwon kai da haɓo. Likita ya ɗaura masa abin awo, ya hura, ya duba, ya yi fito. Hawan jini ne mai ƙarfi. Ya rubuta wata sabuwar ƙwaya ya ce a sayo a Yamai. Sannan ya juyo gare ni, tun da ni ne tafinta, ya ce in gaya wa tsoho abu uku. Na ɗaya, ƙwaya guda kowace safiya. Na biyu, kada ya riƙa miƙewa farat ɗaya, jiri zai ɗebe shi. Na uku, maganin yakan taɓa ruwan namiji: sha'awa tana nan, ƙarfi yana nan, amma a ƙarshen saduwa maniyyi ba zai fito ba, ko ya fito ɗan kaɗan.

Yanzu ku dube ni. Ga surukina zaune, mutumin da ko sunansa ban taɓa faɗa ba, wanda in na hango shi nake cire takalmi tun daga nesa. Shi zan yi wa zancen abin da ke tsakaninsa da uwar matata? Na faɗi na ɗaya. Na faɗi na biyu. Da na zo na uku sai na kafa ido a ƙasa.

"Baba, ya ce Allah shi ƙara lahiya."

"Amin, amin," in ji Alhaji.

Likita ya ce duk dogon bayanin nan nasa shi ke nan? Na ce masa ai Hausa ba ta son ɓata lokaci. Don kuma in cike gurbin abin da na haɗiye sai na ƙara da nawa: "Baba, wagga ƙwaya ta manya ta. Irinta ministoci ka sha a Yamai, ita ka sa su daɗe duniya." Da na san abin da maganar nan za ta haifa, da na cije harshena.

Babban ɗan Alhaji ma'aikaci ne a Yamai, gwangwani-gwangwani yake aiko da ƙwayar ta hannun direbobi. Ni ban san yawan abin da ke zuwa ba, domin rumfar da Alhaji ke zama a ƙofar gidansa, kan hanyar kasuwa, ba na bi ta gabanta. Kullum ta kwari nake zagayawa, kamar kowane suruki mai kunya. Wata-wata yakan zo in auna shi, ina kallon bango yana kallon rufi, kuma jinin nasa yau ya sauka gobe ya hau, kamar ba kullum yake shan maganin ba.

Aka yi wata biyu ko uku, sai ga mahaucin garin, ƙato wanda shi kaɗai yake kada sa. Ya jira baranda ta watse, ya shigo ya turo ƙofa, ya rage murya.

"Majo, wani abokina na ya aiko ni."

"Mi ka damun shi?"

"To, komi nai lahiya lau. Amma in an kai ƙarshe... ka san rijiyar rani? A zura guga a jawo wayam."

"Shi abokin, mi yah hana shi zakkuwa?"

"Kunya gare shi, Majo. Ba irina ba na."

Na ba shi ƙwayar ƙarin jini ya kai wa abokin. Sati bai cika ba sai ga dillalin wake, shi ma da abokinsa. Bayansa mai gyaran keke. Bayansa wani tsohon soja, wanda ya ƙame ya sara mini kafin ya fara, shi nasa abokin tare suka yi yaƙin Indoshin. Ni da wautata sai na ɗauka mutum ɗaya duk suke nufi. Har tausayinsa nake ji, ina cewa wannan bawan Allah ya shiga uku, ya ɓoye wa likita ciwonsa ya tallata wa rabin gari. Maganar Bature ba ta faɗo mini a rai ba, domin a sanina mutum ɗaya ke shan ƙwayar nan a garin, shi kuwa bai aiko kowa ba.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne Na'Allah tela, da damina ta yi nisa. Matashin magidanci ne, kekensa na ɗinki a gefen rumfar Alhaji yake. Shekara biyu ba kaɗan da aurensa da Tsahara, 'yar Matankari, ko ɓatan wata ba ta yi ba.

"Majo, wani abokina na..."

"Zauna. Shi ma rijiyar rani?"

Ya zaro ido. "Ashe ka san shi! To shi nashi ya hi na kowa. Uwa tai ta ce in anka sa hatsi rumbu bana ba ciki, maccen ta koma gidansu. An yanka ma aljana Doguwa baƙar akuya, an kai ta wurin boka, kullum sahe tana shan wata saiwa mai ɗaci har ta rame. Ga shi laihin ba nata ba na. Ni na san... shi, shi ya san ba nata ba na."

"Wanga aboki, sunan macce tai Tsahara?"

Sai ya sunkuyar da kai. "Majo, ban son ta tahi. Amma da wane baki za ni hwaɗa ma Inna wanga abu?"

Nan dariya ta ƙare mini, tausayi ya kama ni. Gero ya riga ya fid da kai, girbi bai fi wata biyu ba.

Na yi ta masa tambaya, har ya ce fitsarin da yake yi bayan sun sadu fari-fari ne kamar ƙasari. Na ce gobe ya kawo mini ɗan kaɗan, na manta ban ba shi kwalba ba. Da hantsi sai ga shi ya ratso tsakiyar kasuwa da ƙwarya sabuwa fil an rufe da faifai, yana takawa a hankali. Ya ce mutum biyu sun tare shi a hanya sun ce a sam musu fura.

Na bar fitsarin ya kwanta, na ɗiga abin da ya taru a ƙasa a kan gilashi, na fita baranda na juya madubi ya kamo rana. Ga su nan birjik, kai da wutsiya, kamar 'ya'yan kwaɗi a tafki, yawancinsu fitsari ya kashe su. Na ce ya sa ido.

"Majo, waɗanga mi na?"

"Irin ɗiyanka na."

"Subhanallahi! To mi sunka zaka yi cikin hitsari?"

"Sun ɓace hanya. Maimakon su hito waje, baya sunka koma, cikin mahitsara."

Ya sake leƙawa, ya girgiza kai. "Halin dangin ubana na. Ko kasuwa anka aike su sai sun ɓace."

Na auna jininsa, ƙasa yake. Na ce ya miƙe, ya yi tangaɗi ya dafa bango. Na tambaye shi ko yana shan wani magani, ya rantse ko ganye ba ya sha, Tsahara ce mai shan magani a gidansu.

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa mai yawa, kwari ya cika, ba hanya sai ta gaban rumfar surukina. Na cire takalmi, na sunkuyar da kai, ina tura keke. Ban yi niyyar dubawa ba, ido ne ba shi da ladabi. Ga Alhaji a kan buzunsa, ga mahauci, ga dillali, ga mai keke, ga tsohon soja, ga Na'Allah: duk masu abokai sun hallara. An gama shan fura. Alhaji ya zaro gwangwani, ya ce bismilla, ya bi su ɗaya-ɗaya yana sa wa kowa ƙwaya a tafi kamar goro, moɗar ruwa na biye. Da aka zo kansa gwangwanin ya ƙare, ya kaɗe shi ya ce ba komi, baƙo ne gaba, shi gobe ya sha. Da za su tashi kuwa, sai na ga ƙarti biyar kowa ya kama dirkar rumfa yana miƙewa gaɓa-gaɓa kamar raƙumi. Ban san lokacin da keke ya kuɓuce mini ba.

Da na tsare Na'Allah daga baya sai ya ce, "Ai wagga ba magani ba ta, Majo, alherin Alhaji na. Mutum kamar shi shi miƙo ma abu ka ce a'a?" Gaskiyarsa kuwa. Ba'are, wato mutumin ƙasar nan tamu, ba ya cin abu shi kaɗai a gaban mutane, balle abin da majo da kansa ya ce ministoci ke sha.

Bari in tsaya in yi muku karatun, ku masu cewa aikin ba wuya. A jikin mutum akwai jijiyoyi masu kai saƙo ba da saninsa ba, irin masu sa zuciya bugawa in ka ga maciji. Abin da suke aikawa ɗan'uwan adirenalin ne. A jikin hanyoyin jini akwai 'yan wurare masu karɓar saƙon, ku ce kunnuwa. Saƙo ya iso, kunne ya ji, hanya ta tsuke, jini ya hau. To, irin kunnuwan nan akwai su a bututun da ke tura maniyyi, akwai su a bakin mafitsara. Lokacin da namiji zai kawo, saƙon nan ne ke sa bututu ya matsa, bakin mafitsara ya rufe gam, ruwa ya bi hanya ɗaya ya fita. Ƙwayar Alhaji saƙon take hanawa tafiya. Jini ya sauka, madalla, amma bututu ma ya yi sanyi, ƙofar mafitsara ta zauna a buɗe, ruwa ko ya ƙi tasowa ko ya juya baya. Mutum da ƙarfinsa, amma ba shuka. Wasu magungunan da kuke ba maza yanzu don fitsari ya saki, su kunnuwan suke toshewa kai tsaye, kuma sukan yi irin wannan aika-aika. In an canja magani yawanci komi yakan dawo, amma likita ne zai canja, ba mai ciwo ya watsar da kansa ba. Kuma tun farko sai ka faɗa wa mutum, ka tambaye shi ko yana neman haihuwa.

Sanin cuta daban, maganinta daban. Na ce wa Na'Allah ya riƙa ɓoye ƙwayar a hula. Ya gwada, Alhaji ya tsare shi da moɗa sai da ya ga maƙogwaronsa ya motsa. Ko da ma ya tsira, uwarsa Inna Dije ba za ta ƙara wa Tsahara ko kwana ɗaya ba sai ta ji da kunnenta inda laifin yake. Dole a gaya wa Alhaji. Na lallaɓa Kulu ko za ta yi wa mahaifinta bayani. Ta ajiye muciya ta dube ni. "Ni? In hwaɗa ma Baba mi? Kai da kay yi karatun lakwal ka kasa, sai ni?" Na ce Allah ya ba ki haƙuri.

Ina cikin wannan hali sai ga Sambo ya zo in cire masa zare. Sambo Bafillace ne, makiyayi, dattijo siriri, wanda sa ya tsaga wa cinya na ɗinke. Ina ganinsa na ji sanyi a raina. Ku yaran birni kun fara mantawa, amma tsakanin Bafillace da Ba'are akwai wasan taubasantaka. Abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya a tsakiyar kasuwa, wanda in wani ya faɗa sai an je gaban alƙali, su dariya ce, kuma abin kunya ne a yi fushi. Na yi masa bayani dalla-dalla, da kunnuwa da bututu da komi. Ya yi dariya har ya zame daga benci, na ji tsoron ɗinkina.

"Majo, shekara arba'in ina neman Gado. Yau Allah ya ba ni shi."

Na roƙe shi ya faɗa a hankali, a gefe. Ya ce to.

Washegari da hantsi na laɓe bayan wani rumbu da ke kallon rumfar. An kawo sabon gwangwani, jama'a sun cika. Tsallaken hanya ga Inna Dije tana suyar ƙosai kamar kullum. Sai ga Sambo, sanda a kafaɗa, tun daga nesa ya buɗe murya har masu awon hatsi sai da suka juyo. Wannan ce "a hankali" tasa.

"Gado bawana! An ce min ka bar sayen wake ka koma kiwo!"

"Kai Bahillace, wa yak kwance ka da sahen ga? Zo ka amshi sadaka."

"Riƙe abinka! Mu in za mu dandaƙe bijimi sai mutum huɗu sun kada shi, shina kuka muna kuka. Kai ko da ƙwaya guda da moɗar ruwa ka gama da garke guda, suna ma godiya! Koya min don Allah, in huta da igiya."

Sambo ya zayyana komi, yana nuni da sanda, har inda ruwa ke juyawa ya koma baya. Ya ƙara gishiri, don ba dandaƙa ba ce, amma jigon maganar bai kuskure ba. Na ga Inna Dije ta tsaya da matsami a hannu, ƙosai na ƙonewa.

Alhaji ba shi da damar fushi da taubashi, sai ya juya kan jama'arsa. "Ƙarya ta irin ta Hillani! In akwai wanda ƙwayata tac cuta, shi tashi tsaye in gan shi!"

Ba wanda ya motsa. Mahauci ya shiga binciken farcen ƙafarsa. Tsohon soja ya ƙura wa sama ido. Ni a bayan rumbu na san in aka tashi a haka, Sambo wasa kawai ya yi, gwangwani ya ci gaba da yawo, Tsahara ta ɗaure kayanta.

Na'Allah ya dubi uwarsa a tsallaken hanya. Sai ya miƙe zumbur, irin miƙewar da Bature ya hana. Jiri ya kwashe shi, ya rungumi dirkar tsakiya, ita kuwa damina ta riga ta ci gindinta. Rumfa ta yi 'yar ƙara, ta zauna a kan kowa da kowa. Kaji suka watse. Ba ka ganin komi sai zana da kara da ƙafafu. Daga ƙarƙashi sai muka ji murya.

"Ni na! Inna, kina ji? Ni na! Tsahara ba ta da laihin komi. Wata tara rijiyata ba ruwa, ta sani ta yi shiru, tana shan saiwa a banza. In za a kori wani, ni za a kora!"

Sai wata murya mai kauri daga ɗaya ɓangaren: "Gaskiya abokina ma..."

"Wane abokinka? Kai na, mahauci! Ni ma ni na!"

"Ni ma, da ni da wanda munka yi Indoshin."

Abin da ya gagara faɗa ido da ido, ƙarƙashin zana inda ba mai ganin fuskar wani ya zo da sauƙi. Can ƙarshe muka ji Alhaji, a sanyaye: "Ikon Allah. Ni ko na ɗauka tsuhwa na."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fito daga bayan rumbu, ni da Sambo muka ɗaga zana muka zaro su ɗaya-ɗaya, ba wanda ya ji ciwo sai rawanin Alhaji. Ya zauna yana kaɗe shi, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

"Sambo, tambayi mijin Kulu. Nasara bai san da wanga ba?"

"Sambo, hwaɗa ma Baba ya sani. Ya hwaɗi. Ni nih haɗiye."

Sambo na tsaye tsakaninmu, bai ko wahalar da kansa maimaitawa ba. Alhaji ya gama kaɗe rawanin, ya ce:

"Hwaɗa mai ya yi ladabi, Allah shi yi mai albarka. Hwaɗa mai kuma ladabin nai ya kusa shanye zuri'ar gari."

Ya miƙa wa Sambo gwangwanin, Sambo ya miƙo mini. Kunyar da na ji ran nan ta ninka wadda na guje wa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga ranar ƙwayar Alhaji a ɗakina take kwana, har likita ya zo ya wanke ni tas, ya canja masa wata. Sauran kuwa cikin 'yan makonni jiri ya sake su. Mahauci ne ya fara zuwa, ya tsaya a baranda cike da mata ya ɗaga murya, "Majo! Abokina ya warke!" Aka girbe gero aka sa a rumbu, ba wanda ya ɗaure kaya. Inna Dije ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Da cikin Tsahara ya fito sai ta bi gari tana cewa ai baƙar akuyar nan ce, Doguwa ba ta gaggawa. Ban yi mata gardama ba.

Bayan shekara da 'yan watanni Tsahara ta kawo yaron a yi masa lamba. Namiji ne, mai kunnuwan ubansa. Ina goga masa auduga a dantse na ce bari in sauke nauyin da ke kaina.

"Tsahara, ki yahe min. Wahalar da kinka sha, bakina yaj jawo ta."

"Ba komi, Majo, ya wuce. Ai ni tun hwarko nig gane ƙwayar Alhaji ta. Da hwara shanta da ɗaukewar abin, ba kwana goma tsakani."

Na ajiye audugar. "Kin sani? Mi yah hana ki hwaɗi?"

"Wa yat tambaye ni? Sau biyu ina zakkuwa nan da ciwon ciki, saiwar ga tana murɗa ni. Ka ba ni hwarin gari ka ce in sha sau ukku a yini."

Na tuna. Ta zo, na miƙa, ko kai ban ɗaga ba. Ran nan na gane abin da tsohon Dahome yake nufi, na ji kunya har ƙashina.

"Ku maza ku ka jin kunya, mu ka shan ɗaci," in ji ta, ba da faɗa ba, tana ma murmushi. Sannan ta miƙo mini dantsen yaron. "Yi mai a hankali, Majo. Ya sha ɓatan hanya kahin shi iso."